Ɗorawa a Bokitin Fenti

Duk wanda ya ci tuwo a gidajen bayan tashar Ƙaura Namoda cikin 'yan shekarun nan, da wuya bai ɗanɗani daddawar Gwaggo Kulsumu ba, ko da bai san sunanta ba. Ƙanwar mahaifina ce. Ni sunana Rilwanu, direba ne, ina jan wata tsohuwar Golf tsakanin Ƙaura da Zurmi, wani lokaci har Shinkafi in hanya ta yi kyau. Ba don na iya ba da labari zan ba da nata ba. Haushi ne ya tsaya mini a wuya ya ƙi wucewa.

Gajeruwa ce, baƙa, mai kaifin baki. In ta shigo motata fasinjoji sukan sauke gilashi saboda warin daddawa, ita kuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ku toshe hanci da kyau, an jima ku lashe kwano." Ba ta iya rarrashi ba, ba ta kuma iya roƙo ba, abin da ya sa ƙarshenta ya fi yi mini ciwo ke nan.

An haife ta a Tungar Jatau, wani ɗan ƙauye can bayan Kurya Madaro, wanda kakana Jatau ya sara da hannunsa. A gonarsa akwai wata ƙatuwar ɗorawa da ake kira Mai Zaƙi. 'Ya'yanta dogaye ne kamar damtsen yaro, garinta kuma in ka zuba a baki sai ka rantse an sa masa zuma. Da aka zo rabon gado, maza suka yi rububin fadama, aka bar wa Gwaggo jigawar da bishiyar take, suna ganin sun yi mata wayo. Ita kuwa da kalwar bishiyar nan, wato ƙwayar da ke cikin garin, ta ciyar da gida, ta aurar da 'yarta Nazifa, ta kuma daɓe ɗakinta da makuba, ruwan jiƙon ɓawon 'ya'yan.

A wajenmu ba a shuka ɗorawa. Tsintar ta ake yi a gona, a ce ta Allah ce, dabbobi ne suka kawo iri. Tsofaffi ma har tsoratarwa suke yi, wai wanda ya shuka ta ba ya kaiwa ga cin 'ya'yanta. Gwaggo ta ce to ita ba ta ga wanda ya ƙi shukawa ya dawwama ba.

Ga yadda take yi. Kowace bazara, in an zungure 'ya'yan Mai Zaƙi an daka an wanke, kafin kalwa ta shiga tukunyar daddawa sai ta cika tafin hannunta da mafi ƙoshi, ta ƙulle a tsumma. Rabon ƙasa take kiran wannan ƙulli, kuma ko da yunwa ta shigo gida ba a taɓa shi. In damina ta zauna sai ta tafasa ruwa, ta sauke, ta bar shi ya ɗan huce, ta zuba kalwar ta rufe har wayewar gari. Ɓawon kalwa tauri gare shi; in ka binne ta haka nan sai ta shekara a ƙasa tana harararka. In kuwa ka bar ta a kan wuta ta dahu, ka kashe ta, sai dai miya. Waɗanda suka kumbura ta kai gona. Masu taurin kai ta goga gefensu a dutsen niƙa har fari ya leƙo, ta sake jiƙawa. A kan iyakar gonarta take binne su, ta kewaye kowane rami da ƙayar aduwa saboda awaki.

Na taɓa tsokanar ta ina saurayi, na ce wata biyu ke nan abin nata bai wuce tsawon yatsa ba. Ta ƙwanƙwashe ni a ka.

"Kai bisa kaɗai kaka dubi," in ji ta. "Ɗorawa ƙasa taka hwara tahiya. Sai ta aika uwas saiwa ta ishe sanyi, kana ta waiwayi bisa."

Cikin waɗanda ta shuka da ƙuruciya, wasu har sun fara 'ya'ya ta ci, ta kuma aika wa tsofaffin da suka tsorata ta da nasu rabon.

Sai ɓarayin daji suka zo. Ba zan tsaya bayani ba, duk ɗan Zamfara yana da irin nasa labarin. Mijinta suka harbe a gona da hantsi, yana huɗa. Bayan nan ƙauyen ya watse. Ni na je na ɗauko ta a mararrabar Kurya, tana zaune a kan tukunyar daddawarta da ta kifa, ga tabarma a naɗe, ga ƙullin rabon ƙasa ɗaure a bakin zanenta. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi in buɗe but ɗin motar a hankali kada in fasa mata tukunya.

A Ƙaura wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Faruku, ya ba ta ɗaki a gidansa na haya bai karɓi ko sisi ba, ya kuma yankar mata gefen gonarsa da ke bayan gari, aro, ta riƙa shuka gero da wake. Ina so in zagi mutumin nan a cikin labarin nan, amma ban sami inda zan kama ba. Mutumin kirki ne, kuma wannan ma wani haushin ne.

Ta ci gaba da daddawa da kalwar kasuwa wadda ake kawowa daga kudu, tana yi tana mita, wai ba ta da mai. Ƙullin kuwa ta rataye shi a ƙusa, tana jiran ranar komawa gida. Kowa a lokacin jira yake yi. Ana cewa bana za a yi sulhu, baɗi za a turo sojoji.

Wata rana wani ɗan ƙauyenmu da ya saci jiki ya leƙa Tunga ya zo gaishe ta. Ya ce masu injin yankan itace sun shiga, da yardar mutanen daji, sun kwantar da duk wata babbar bishiya sun ƙona gawayi. Mai Zaƙi ta tafi, 'ya'yanta na kan iyaka ma sun tafi. Ya ce sai da suka yi kwanaki kafin su gama da ita saboda kauri, yana faɗa kamar yabo yake yi. Gwaggo ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi ƙofa. Daga ranar ba ta ƙara sayen gawayi ba. Da kara da kashin shanu take girki, hayaƙi na cin idonta. In motar gawayi ta wuce ta gaban tasha sai ta juya baya.

Abin da ya rage na Mai Zaƙi a duniya ke nan, cikin tafin hannu ɗaya a tsumma. Ta san kalwa ba ta dawwama, ƙwaro na shiga, rai na fita a hankali. Da damina ta kama sai ta kwance ƙullin. Ta bi tasha tana tsintar ledojin fiya wata, kamasho na yi mata dariya. Ta cika su da turɓaya da tsohon taki, ta huda gindinsu, ta jera a bayan ɗakinta. Fiye da rabi suka tsiro. Ranar da na je na tarar da ita a durƙushe tana kallon ƙananan ganyen nan masu kama da gashin tsuntsu, ranar na fara ganin haƙoranta tun barinta gida.

Da suka yi ƙwari ta ɗebi wasu ta dasa a gefen gonar aro, ta yi musu ƙaya kamar yadda ta saba. Ina wurin ranar da Alhaji Faruku ya zo duba dawarsa ya ga ƙayar. Ya tsuguna ya leƙa, ya daɗe bai tashi ba.

"Inna, mi ag ga nan?"

"Ɗorawa ta, Alhaji. Irin ta ubana."

"Inna, ki gahwarce ni. Kin san ba a dasa icce gonar aro. Gero, dawa, wake, duk abin da aka girbe shi tashi, ki shuka har ki gaji. Amma icce shaida na. Yau ni da ke muna da rai, mun san aro na. Gobe in babu mu, ɗiyanki su ce ga ɗorawar uwarsu nan, nawa su ce gonar ubansu ta. Nan aka hwara zuwa gaban alƙali."

"Ni ba gona nika so ba. Wurin tsayi nika nema mata."

"Na sani, Inna. Wallahi na sani. Amma icce ba shi magana, balle shi hwaɗi haka nan bayanmu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta fi shi sanin wannan al'ada, don a Tunga ita ma ta taɓa ba wani baƙo aron gona da sharaɗin nan. Da kanta ta janye ƙayar ta tone su, ta hana ni taimaka mata. Ɗorawar da ta ɗanɗani ƙasa ba ta son a tashe ta. Kafin mako ya zagayo duk sun bushe.

Daga nan matar da ba ta iya roƙo ba ta shiga gari da leda a hannu tana neman rami. Mai unguwa ya ce ta je ta ga masu filin. Masu filin suna Gusau ko Abuja. A masallacin unguwa aka ce saiwar ɗorawa za ta ɗaga katanga, in inuwa take so ta kawo dogon yaro. Wani hedimasta mai kirki ya bar ta ta dasa biyu a bayan aji. Aka tafi hutu, wani ya kwashe ƙayar ya hura wuta, awaki suka gama da sauran. Ta dasa ɗaya a bakin titi, washegari mai sayar da fetur a kwalba ya kafa teburinsa a kai. Garin nan cike yake da fili, ko'ina ka duba kango ne da yayi da leda, amma kowane taku yana da mai shi.

Na gaji da ganin wahalarta na ce ta ba ni su, in na fita hanyar Zurmi in tsaya a daji in binne mata, daji ai ba na kowa ba ne.

"Ka aje ɗiya bakin hanya ka wuce?" ta ce. "Wa za ya yi mata ƙaya? Wa za ya ba ta ruwa da rani? Kai da ko tayarka ta hwashe ba ka iya tsayawa wurin nan."

A hanyar nan ko fitsari ba ma tsayawa yi.

Waɗanda suka rage a bayan ɗaki kuwa, wani aiki ta ɗora wa kanta a kansu. Kowace Juma'a da safe sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ɗaga, ta duba gindi, in bakin saiwa ya leƙo ta hudar sai ta tsinke shi da farce, ta matsar da ledar gefe. Na ce ta ɗora su a kan siminti mana ta huta. Ta ce siminti zafi yake ɗauka ya dafa saiwa, dole su zauna a kan ƙasa su ji sanyinta.

"Su ji sanyinta, amma kada su kama," in ji ta. "Ƙasam mutane ta. In uwas saiwa ta shige ta yi nisa, to ta zaɓi wurinta, ba ta tashi kuma. Ka ja ta, ka kashe ta."

Haka ta riƙa yi, tana hana bishiya abin da aka halicce ta don shi. Daga leda ta mayar da su gwangwanin tumatir, daga gwangwani zuwa tsofaffin kwanoni. Saiwa ta rasa hanya ta riƙa naɗewa a ciki. Ganye ya yi rawaya. Suna mutuwa ɗaya-ɗaya, in ɗaya ta mutu sai ta juye ƙasar a gindin 'yar'uwarta. Da shekara ta biyu ta ƙare saura guda ɗaya tal, a cikin wani bokitin fenti da na samo mata na huda gindinsa da ƙusa, jingine da katangar bayan ɗakin. Tsawonta bai wuce ƙugun mutum ba, siririya, ganyen a tsaitsaye. Gwaggo takan ba ta ruwan alwalarta, ta zage ta, ta ce ta ci ta ƙi ƙiba kamar 'yan gidanmu.

Da daminar bana ciwo ya kwantar da ita, tari da kumburin ƙafa. Nazifa, wadda ke aure a tsallaken layin dogo, ta zo ta ɗauke ta zuwa ɗakinta don jinya. Bokitin ya yi nauyi, ɗakin Nazifa kuma ko tsakar gida babu, sai aka bar shi. Ni a lokacin ina Shinkafi, injin motata a ƙasa, hanya kuma ta rufe saboda an yi ta'adi, ba mai shiga ba mai fita sai da rakiya. Na yi makonni a can. Nazifa ta gaya mini daga baya cewa duk Juma'a uwar takan tambaya, "An ɗaga ta?" ita kuwa ta ce, "An ɗaga, Inna." Ban ga laifin Nazifa ba. Tana da goyo, ga mara lafiya, ga mijin da ba ya samun aiki kullum. Wa zai ƙetare gari cikin ruwan sama don ya ɗaga bokiti?

Ranar da na dawo na tarar da Gwaggo ta zama rabin kanta. Ta kama hannuna, har lokacin da ɗan warin daddawa a nata.

"Rilwanu, ka tai wurin mai tsaron maƙabarta. Ka ce a ba ni rami biyu, guda nau, guda na ɗorawa. Can dai ba aro na ba."

Na yi mata faɗa, na ce ta daina irin wannan magana, za ta tashi mu koma Tunga tare. Ta dube ni irin kallon da take yi wa fasinjoji masu toshe hanci. Bayan 'yan kwanaki ta cika, da rana tsaka, ana yayyafi.

Da muka gama rufe ta mutane suka watse, na tsaya wajen Malam Zakariyya, tsohon da ke kula da maƙabartar. Na shirya dogon bayani, na shirya roƙo, har na shirya faɗa. Bai bar ni na kai rabi ba.

"Ɗorawa? Kawo ta, ɗana. Ga wuri can jikin shinge, kusa da ita. Masu kawo gawa na shan rana ƙwarai, kuma wanga zamani kullum cikin kawowa aka. Sadaka ta mai gudana, wa ka hanawa?"

Shi ke nan. Abin da ta yi shekara biyu tana yawo a kai, a cikin numfashi ɗaya aka ba ni. Na tsaya ina kallon tsohon nan kamar ya mare ni.

Bayan addu'ar uku na ɗauki mota na tafi gidan Alhaji Faruku in kwashe kayanta, don ya riga ya ba wasu ɗakin, mutanen wajen Gurbin Bore da su ma aka koro. Na zagaya baya. Da farko ban gane bishiyar ba. Ta kai mini ƙirji, ta yi sabbin rassa, ganyen kore shar, a buɗe, suna sheƙi. Tun da aka shuka ta ban taɓa ganin ta cikin jin daɗi irin na ranar ba. Na yi murna, wauta ta sa na yi murna. Na kama bakin bokitin na ɗaga. Ya ƙi tashi.

Na durƙusa na tona gefe da hannu. Saiwa ta fasa hudar ƙusar, ta tsaga robar, ta shige ƙasa, kaurinta ya kai babban yatsa. Ta sami abin da take nema tun tana cikin leda.

Na je na sami Alhaji a rumfarsa na ce ya bar ta nan, in yanke bokitin kawai, ni zan riƙa kula da ita, zan kira shaidu in ce tasa ce. Ya saurare ni yana juya carbi. Ya ce gidan na gado ne, ba nasa shi kaɗai ba, kuma a jikin katanga take. In ta girma ta tura ginin a kan 'ya'yan mutane, me zai ce? Ya ce in tone ta a hankali in kai mata, Allah Ya jiƙan Inna. Har ya ba ni aron diga.

Na tona tun hantsi har azahar. Na bi saiwar nan da yatsu kamar mai cire ƙaya a ƙafa, ramin ya shanye hannuna har kafaɗa, ba ta ko fara sirancewa ba. Daga nan ta karkata ta shige ƙarƙashin harsashin katanga. Matar sababbin 'yan ɗakin ta fito da jariri a baya, ta ce don Allah Malam kada katangar ta faɗo musu, ba su da wani wurin. Na dube ta, na dubi ramin. Na ciro wuƙar da nake yankan roba da ita a mota na yanke saiwar.

Na kai ta maƙabarta a kujerar gaba. Ni da Malam Zakariyya muka haƙa rami jikin shinge, muka zuba taki, muka rage mata ganye, muka yi mata 'yar rumfa da kara. Na saro ƙayar aduwa na kewaye ta yadda Gwaggo take yi. Kullum kafin in shiga layin lodi sai na biya da galan ɗin ruwan lagireto na ba ta. Ganyen suka rufe kamar yadda suke yi da yamma, sai dai gari ya waye ba su buɗe ba. Suka yi ruwan ƙasa, suka zube. Na ci gaba da kai ruwa, ina cewa ƙasa take fara tafiya. Wata safiya Malam Zakariyya ya kankare ɓawon da farce ya nuna mini. Babu kore, a bushe take har ciki. Ya ce in daina wahalar da kaina.

A cikin kayanta na sami tsumman rabon ƙasa. Na zazzage shi, na bi kowane lungu na ɗinkin da yatsa ko ƙwaya ɗaya ta maƙale. Ta wanke shi tas ta ninke.

Sandar tana nan a tsaye jikin shinge, baƙi sukan ɗauka alamar kabari ce. Ramin nata ne har abada, ba wanda zai ce aro ne, ba wanda zai ce a tashe ta. Ƙayar da na kewaye ta da ita ma tana nan daram, ko akuya ɗaya ba ta taɓa leƙawa ba.